Babi na Bakwai: Hula Mai Jini, Babu Gawa

Duk wanda ya zauna gaban malami a zaurukan Adar har karatunsa ya kai Risala ko Muhtasar, ya ratsa ta kan hukuncin mafƙudi, mutumin da ya fita aka daina jin ɗuriyarsa, ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Malaman Malikiyya sun tsara lamarin dalla-dalla. Matarsa za ta kai kuka wurin alƙali, a yi cigiya, in an rasa labari a yanka mata shekara 4, sannan ta yi takaba. Dukiyarsa kuwa ba a taɓa ta sai an lissafa ya kai shekarun da tsararrakinsa ba su cika wucewa ba, kuma zancen da ya fi shahara shi ne 70.

A ƙasarmu ba don ado ake karanta wannan ba. Adar gidan ƴan ci-rani ce tun kaka da kakanni. Daga Takanamat, daga Keita, daga ƙauyukan da ke kewaye da Tawa, da an gama girbi samari sun ɗaura jaka, wannan ya nufi Abijan, wancan Legas, wani Libiya ko Aljeriya, kuma ba duka ke dawowa ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a sahara arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Waɗannan ma an gan su. Akwai waɗanda rairayi ya rufe har yau.

Sai dai hukuncin mafƙudi tambayar iyali yake amsawa: yaushe mata za ta yi aure, yaushe za a raba gado. Akwai wata tambayar da ta fi ta ɗaci. Idan wanda ya ɓace ana zargin kashe shi aka yi, ga wanda ake tuhuma a hannu, amma babu gawa, babu wanda ya gani da ido, shi kuma ya ce bai san zancen ba, da me alƙali zai kama shi? Wata shari'a da aka yi a Kanada ta bi ta wannan hanya tun daga farkonta har ƙarshenta, ta yi tuntuɓe kusan a kowane lungu, shi ya sa na zaɓe ta.

Lyle McCann yana da shekara 78, matarsa Marie tana da 77. Mazauna St. Albert ne, kusa da birnin Edmonton a lardin Alberta. Ranar 3 ga Yuli, 2010, suka kama hanyar yamma zuwa lardin British Columbia don su sadu da ƴaƴansu, cikin doguwar motar nan da ake kwana a ciki, mai gado da wurin girki, suna jaye da ƙaramar motarsu ƙirar Hyundai Tucson. Kyamarar wani gidan mai ta ɗauke su suna shan mai da safe. Ganin ƙarshe ke nan. Bayan kwana biyu aka tarar da babbar motar tana ci da wuta a daji kusa da garin Edson. Ƴan sandan tarayya, waɗanda ake kira RCMP, sun gano masu motar ta takardunta, sun neme su a gida ba su samu kowa ba, sai suka bar maganar ta kwanta. Sai ranar 10 ga wata, da tsofaffin ba su bayyana inda aka yi alkawari ba, iyali suka kai rahoto, aka farga cewa mutum biyu sun ɓace tun mako guda. Ranar 16 ga Yuli aka gano ƙaramar motar an jefar da ita cikin kurmi.

Mai karatu na Najeriya zai tuna da Manjo Janar Idris Alkali mai ritaya, wanda ya ɓace a hanya kusa da Jos cikin Satumba 2018. Shi ma motarsa aka fara samu, a cikin wani kududdufin haƙar ma'adinai a Dura-Du, sai bayan wata guda aka ciro gawarsa daga wata tsohuwar rijiya. A shari'ar McCann rijiyar ba ta taɓa bayyana ba. Motar kaɗai aka samu, don haka ita aka tilasta wa yin magana.

Ga abin da ta faɗa. An samu hular hana-sallah ta Lyle da hudar harsashi, da jininsa a jiki. An samu jinin Marie a jikin gwangwanayen abinci. An samu gwangwanin giya mai ɗauke da zanen yatsa da DNA na wani mutum mai suna Travis Vader, tsohon ma'aikacin rijiyoyin mai da ƙwaya ta lalata, wanda ƴan sanda suke nema da ma kan wasu laifuffuka. An samu DNA ɗinsa a wasu wuraren cikin motar, har da jikin hular. Ban da wannan, a ranar da tsofaffin suka ɓace an yi amfani da wayarsu an kira tsohuwar budurwar Vader, an tura mata saƙonni. Biri ya yi kama da mutum.

Ya kamata a tsaya a fahimci me gwajin nan yake aunawa, domin mutane da yawa sun ɗauka wata na'ura ce da ake zuba mata jini ta buga sunan mai laifi. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin ɗan Adam tana ɗauke da wani dogon zare na gado, rabi daga uba, rabi daga uwa. Mafi yawan zaren iri ɗaya ne a wurin kowa, Bahaushe da Bature. Amma akwai wasu gurabe da wani ɗan guntu yake maimaita kansa, wani mutum sau 9, wani sau 14. Masani yana ƙirga maimaicin a gurabe da dama (a Amurka gurbi 13 ake dubawa a da, aka mayar da su 20 a 2017), ya fitar da jerin lambobi. Idan jerin da aka samu a gwangwani ya zo daidai da na mutum a kowane gurbi, da wuya ƙwarai a ce dace ne, sai fa in tagwaye ne masu kama ɗaya. Kuma saboda gado ne, ana iya gane jinin wanda ya ɓace ko da babu shi, ta hanyar buroshin haƙoransa ko jinin ƴaƴansa. Alec Jeffreys ne ya gano hanyar a jami'ar Leicester ta Ingila a 1984, kuma abin lura shi ne, karon farko da aka shigar da ita binciken kisa, a 1986, wanke wani saurayi ta yi, wanda ya riga ya amsa laifin da bai yi ba a hannun ƴan sanda. Mai laifin na gaskiya, Colin Pitchfork, sai daga baya aka kama shi.

Iyakar gwajin ita ce abin da ake mantawa. Mutanen arewacin Tawa sun san masu bin sawu. Gwani zai duba rairayi a bakin rijiya ya ce raƙumar wane ce ta wuce nan, ba kuma zai yi kuskure ba. Amma sawun ba zai gaya masa wa ke bisa ba, ko aro aka yi ko sata. Haka DNA yake. Yana cewa wannan jinin na wane ne, wannan yawun na wane ne. Ba ya faɗin ranar da ya sauka a wurin, ba ya faɗin yadda ya sauka, balle ya faɗi abin da ke zuciyar mai shi.

Wani abu da ya faru a Kalifoniya a 2012 ya isa misali. An kashe wani attajiri, Raveesh Kumra, a gidansa, aka samu DNA na wani marar galihu mai suna Lukis Anderson a faratan mamacin. Aka kama shi, ya yi watanni a tsare, hukuncin kisa na reto a kansa. Da masu kare shi suka bi takardun asibiti, sai ga shi a daren kisan yana kwance a gadon asibiti, giya ta kayar da shi bai san inda kansa yake ba. Ma'aikatan motar asibitin da suka ɗauke shi daga titi su ne bayan ƴan sa'o'i aka kira gidan attajirin, suka kai ƙwayoyin jikinsa can ba su sani ba. Gwajin bai yi ƙarya ba, DNA ɗin nasa ne. A Jamus kuma ƴan sanda sun yi shekaru suna farautar wata mata da suka ga DNA ɗinta a wuraren laifi kusan 40, sai a 2009 aka gane ma'aikaciya ce a masana'antar da ke yin audugar da suke ɗiban samfuri da ita.

Abin da ya ceci Anderson shi ne wani ya samu damar duba takardu a madadinsa. Nan ne shari'ar Vader ta kusa rushewa tun ba a fara ta ba.

A Kanada, tun hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Stinchcombe a 1991, wajibi ne mai gabatar da ƙara ya miƙa wa wanda ake tuhuma duk abin da bincike ya tono mai alaƙa da shari'ar, wanda zai ɗaure shi da wanda zai kwance shi. Mai shari'a John Sopinka ya kafa dalili da cewa abin da ƴan sanda suka tara ba mallakar masu ƙara ba ne da za su ci galaba da shi, na jama'a ne, an tara shi don a yi adalci. Ba haka kawai suka wayi gari da wannan tsari ba. Ƙasar ta riga ta ji kunya kan Donald Marshall, wanda ya yi shekara 11 a kurkuku kan kisan da bai yi ba, alhali akwai bayanan da za su wanke shi ba a nuna wa lauyoyinsa ba.

An tuhumi Vader da kisan kai a 2012. A watan Maris na 2014, saura ƴan makonni a zauna shari'a, babbar mai gabatar da ƙara ta Edmonton, Michelle Doyle, ta dakatar da tuhumar da hannunta, domin ta gano cewa ƴan sanda ba su miƙa duk abin da ke hannunsu ba, ita kanta ba za ta iya rantsuwa cewa lauyan Vader ya ga komai ba. Ka yi tunanin iyalan tsofaffin nan, shekara kusan 4 suna jira, ga hula ga jini, a ce musu an tsaya saboda takardu. Na san da yawa daga cikinmu za su ce wannan wasa ne irin na Turawa. Ni ina ganin matar nan ta yi abin da ya fi komai wuya a aikinta, kuma shi ne ya ba hukuncin da ya zo daga baya ƙafar tsayawa. Dokarsu ta ba da shekara guda a farfaɗo da tuhumar da aka dakatar. Aka koma aka tattara takardun, aka miƙa, a watan Disamba aka sake kama Vader. Lauyansa, Brian Beresh, ya nemi a kori ƙarar gaba ɗaya saboda wannan sakaci da jinkirin da ya jawo. Alƙali Denny Thomas ya ƙi, aka fara sauraro a Maris 2016, alƙali shi kaɗai ba tare da masu taya hukunci ba.

Sakamakon gwaji ba ya shiga kotu da ƙafarsa. Mutum ne yake ɗauko shi, ya yi rantsuwa, ya zauna a yi masa tambayoyi. Wa ya fara buɗe motar? Da safar hannu ko babu? Wa ya riƙe hular daga daji zuwa ɗakin gwaji, ina ta kwana, wa ya sa hannu? Samfurin na mutum ɗaya ne ko cakuɗe ne na mutum biyu ko uku, in cakuɗe ne da wane ma'auni aka raba su? Beresh ya bi masanan gwamnati da irin waɗannan tambayoyi, ya matsa musu kan hanyoyin da DNA kan iya sauka a kan abu ba tare da an aikata komai ba, ya kawo nasa masanin ya soki wasu daga cikin sakamakon. Ya ɗaga maganar makullin ƙaramar motar, wanda aka ce an samu a wata motar ɗaukar kaya da aka danganta da Vader amma sai bayan an riga an bincike ta a baya. Ya ce ma ba a tabbatar tsofaffin sun mutu ba. Ba ko ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi da zai iya yi da bai ga takardun ba. Da alƙali ya saurare su ya auna, ya ƙi karɓar yawancinsu, ya gamsu cewa Vader ya tare tsofaffin don ya yi musu fashi kuma a hannunsa suka mutu.

Sai kuma iyakar nan ta sake bayyana. Hula ta nuna an yi harbi, jini ya nuna an ji rauni, amma alƙalin bai samu abin da zai nuna masa yadda abin ya gudana ba, balle ya tabbatar da niyyar kisa. Ranar 15 ga Satumba, 2016, gaban kyamarorin talabijin, ya same shi da laifin kisan kai mataki na biyu, ya jingina da sashe na 230 na kundin laifuffuka, wanda ya ce kisan da ya auku cikin fashi kisan kai ne ko babu niyya. Kafin rana ta faɗi malaman shari'a na jami'a suka yi ca: ai Kotun Ƙoli ta kashe wannan hukunci tun 1990, majalisa ce kawai ba ta goge shi daga littafi ba. Ranar 31 ga Oktoba alƙalin ya janye, ya mayar da laifin kisa ba da niyya ba. A Janairu 2017 ya yanke masa ɗaurin rai da rai. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2019, shekarar da majalisa ta share matattun sassan daga kundin. Vader har yanzu yana musun laifin, an hana shi sakin talala a ƙarshen 2024, ɗan mamatan kuma, Bret McCann, ya daɗe yana neman a yi dokar da za ta sa ƙin nuna inda gawa take ya zama dalilin hana saki.

Wanda ya tashi cikin karatun addini ba zai ga baƙon abu a nan ba. Cikin ƙissar Annabi Yusuf, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, riga ta zama hujja sau biyu. Ta farko an kawo ta da jini don a tabbatar da mutuwar wanda ba a ga gawarsa ba, kuma masu tafsiri irin su Ƙurɗubi sun ce mahaifin ya gane ƙarya ce domin rigar ba ta yage ba, wace irin dabba ce za ta cinye yaro ta bar rigarsa lafiya? Ta biyu, gefen da rigar ta yage shi ya wanke wanda aka yi wa ƙazafi. Daga nan malamai suka ciro halaccin aiki da alamu, Ibn Farhun, alƙalin Madina ɗan mazhabarmu, ya yi dogon bayani a kansu cikin Tabsiratul Hukkam. Amma sun bambanta alama da shaida. Da majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a Janairu 2002 kan gwajin DNA, ta yarda a dogara da shi wajen bincike, da wajen gane gawa da waɗanda suka ɓace, amma ta ce ba a tsayar da haddi ko ƙisasi a kansa. Ta kuma yi sharaɗin a tsare ɗakunan gwaji daga kuskure da maguɗi. Hanyar ta bambanta da ta Kanada, inda aka sauka kuwa ba shi da nisa: alƙali Thomas ma, da ya zo kan niyya, gwajin bai kai shi ba.

To mu dawo gida. A ƙaddara wani dattijo da tsohuwarsa sun bar wani ƙauye a ƙaramar hukumar Takanamat da amalanken jaki za su ci kasuwa, ba su isa ba, ba su dawo ba. Kwana uku aka ga amalanken a bayan wani tudu, ga rawani da jini. Kafin jandarma su iso, rabin gari ya riga ya je. Wannan ya ɗaga rawanin, wancan ya karɓa ya duba ya ce wallahi na Baba ne, ɗan ƙanensa ya rungume shi yana kuka, wani mai hankali ya ƙulle shi cikin leda don kada ya ɓace. Ba wanda ya yi mugunta a cikinsu. Amma yanzu rawanin yana ɗauke da DNA na mutum goma, cikinsu har da wanda kowa ya san yana rigimar gona da mamacin. Ledar kuma, a zafin Afrilu da ke haura 40, za ta riƙe danshi ta dafa jinin har ya ruɓe. Abin takaicin shi ne busasshiyar iskarmu gata ce: jinin da ya bushe a inuwa aka sa shi a ambulan na takarda yana iya shekaru bai lalace ba. Wannan ba ya bukatar na'ura. Yana bukatar maigari ya san cewa aikinsa na farko shi ne ya hana kowa matsawa kusa, ko da ɗan mamacin ne.

Tsarin shari'ar Nijar, da muka gada daga Faransa, ya bi wata hanya dabam da ta Kanada. A manyan laifuffuka alƙali mai bincike ne yake tara dosiye, wato kundin takardun shari'ar, doka ta ɗora masa neman abin da zai ɗaure da abin da zai kwance, shi yake naɗa masanin da zai yi gwaji, lauyan wanda ake tuhuma kuma yana da ikon duba dosiyen. Tun 2014 wata ƙa'idar UEMOA ta ba lauya damar tsayawa tare da mutum tun daga lokacin da aka kama shi. A rubuce, babu laifi. Amma yawancin lauyoyin ƙasar a Yamai suke, tafiyar fiye da kilomita 500 daga Tawa, dosiyen da Faransanci aka rubuta shi, wanda ake tuhuma kuwa Hausa ko Tamajak yake ji, ta bakin tafinta. An kafa hukumar agajin shari'a ta ANAJJ don irin waɗannan mutane, kuma masu kare su na tilas suna ƙoƙari, amma a sa wanda bai taɓa ganin jadawalin DNA ba ya tsaya ya yi jayayya da takarda mai hatimin ɗakin gwaji, zalunci ne a kansa da kan wanda yake karewa. A irin wannan kotu takardar masani ba ta zama shaidar da ake tambaya, tana zama hukunci tun kafin alƙali ya buɗe baki.

Shi ya sa ba na cikin masu ganin da an sayo na'ura an gama. Jihar Legas ta buɗe cibiyar gwajin DNA a 2017 da biki, a Oktoba 2020 aka banka mata wuta cikin tarzomar EndSARS. Gini yana tashi, gini yana faɗuwa. In kuɗi kaɗan ne, kuma kullum kaɗan ne, ni da za a tambaye ni sai in ce a fara da abubuwan da ba su da kwarjini: safar hannu da ambulan a kowane ofishin jandarma, rajistar da duk wanda ya taɓa kayan shaida zai sa sunansa da sa'a, da injin kwafi a kotun Tawa wanda mai kare talaka zai yi amfani da shi kyauta. A kuma sa a doka cewa duk samfurin da ya isa a raba, a raba shi biyu tun ranar da aka ɗebe shi, rabi ya tafi gwaji, rabi ya zauna a rufe a hannun magatakardan kotu, domin in wanda ake tuhuma ya ce bai yarda ba, a aika da shi wani ɗakin gwajin dabam da kuɗin gwamnati, masanin farko kuma a kira shi ya zo Tawa da kansa ya amsa tambayoyi gaban tafinta.